Alherin Pfizer na yau da bashin Kano na 1996

A watan Mayun 2022, a taron tattalin arzikin duniya na Davos, a Switzerland, kamfanin magunguna na Pfizer ya sanar da cewa zai riƙa sayar wa ƙasashe 45 masu ƙaramin ƙarfi magungunansa da alluran rigakafinsa ba tare da cin riba ba. Ghana da Senegal da Ruwanda na cikin waɗanda suka fara shiga. Mataki ne mai kyau, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kyamis da takardar likita a hannu, aljihu babu komai, ya san darajarsa.

Amma idan aka ambaci Pfizer a Kano, wani abu daban ke faɗo wa mutane a rai. A 1996, sanƙarau na ta ɗauke yara, kamfanin ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wato IDH, ya gwada sabon maganinsa, Trovan. Yara wajen 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu jikinsu ya shanye. Iyaye sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, kuma an nemi yardarsu da baki. Daga baya aka gano cewa takardar izinin gwajin bayan an gama aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata.

A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 iyalan farko suka karɓi diyya, bayan gwajin ƙwayar halitta (DNA) don tantance waɗanda suka cancanta. Kafin nan, a 2003, Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna, kuma labarin Trovan na cikin abin da ya ƙarfafa tsoron jama'a. Wannan asarar ba ta shiga lissafin diyya ba.

Ban yarda a ƙi magungunan Pfizer na rangwame don fushi ba. Marar lafiya ne zai cutu. Abin da nake ƙi shi ne a bar rangwamen farashi ya maye gurbin amsa laifi. Kamfanin da ke son a kira shi mai amana, ya fara da fitowa fili ya ce wa iyayen nan ya yi kuskure. Hukumar NAFDAC kuma ta tabbatar duk gwajin da za a yi a arewa, an karanta wa uwa da uba takardar yarda da Hausa kafin a taɓa ɗansu.