Ramin taki ya ci mini takalmi

Kun dai san gonarmu ta bayan gari, wadda fako ya cinye rabinta. Bana na ce ba ni ba ɗanyen taki, don na kaji ƙone tsiro yake, na shanu kuma irin ciyawa yake shigo maka da shi. Sai na haƙa rami tun bayan girbi, zurfin mita ɗaya. Sassaren karan dawa a ƙasa, sai kashin awaki da na kaji, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa, a sake hawa har ya cika, a rufe da ƴar ƙasa. Duk sati biyu a juya don iska ta shiga. Ruwan kuwa yayyafi ne: ka damƙa ya dunƙule a hannu, amma kada ya ɗiga. Da bakina na faɗa wa Auta haka.

Shi kuma don kada ya riƙa zirga-zirga, sai ya kira ɗan ga-ruwa ya juye kura guda a ramin, ya mayar da ƙasa. Rana ta busar da saman, ya yi ɓawo, kai ka ce daɓe ne.

Ranar Juma'a bayan masallaci surukina ya biyo da abokansa su ga aikin. Ina cikin farar shadda. Na ɗauki sanda ina bayani, na ce Baba, haka ake gwadawa, a soka ta tsakiya a bar ta jim kaɗan, in ta fito da ɗumi to taki yana dahuwa. Na taka tsakiyar don in soka da kyau.

Ƙafar dama ce ta fara tafiya. Na ɗora ta hagu in ciro ta, ita ma ta bi. Ban faɗi gaba ɗaya ba, a hankali nake nitsewa, gwiwa, cinya, sandar tana hannuna, bakina bai ma gama maganar ɗumi ba. Ramin ya yi wani "fus", wari ya taso irin na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda taki ke yi in ruwa ya toshe masa iska. Surukina ya juya baya yana duban bishiyar kuka, wai kunya. Wani cikin abokansa ya ce "Sannu malam", sannan ya tambaya ko wannan ma cikin gwajin ne. Da gaske yake tambayar.

Duk wannan bai ƙona mini rai kamar mai jakin nan ba. Mutumin da bara ya kawo mini takin bola, rabin mangala yashi, rabi leda da fasassun kwalabe, har yanzu ina tsintar batir a kunya. Shi ne ya tsayar da jaki, ya gyara zama, ya ce ai da nasa na saya da ban shiga ciki ba. Da na ce ya miƙo igiya, sai da ya tambaya ko zan biya. Kuma kuɗin mangala biyun da bai kawo ba suna wurinsa, in an yi magana ya ce jakin ne ba shi da lafiya.

Takin dai an kwashe shi an baza ya sha iska, aka gauraya da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa, aka sake tarawa. In ya yi baƙi, ya huce, warin ya koma na ƙasa, za a watsa shi kafin huɗa, garma ta binne, kunya da kunya santimita 75.

Takalmi ɗaya bai fito ba. Auta ya ce shi ma wai zai ruɓe. Na roba ne.