Kafin ka sayar da akuya ka sayi wayar 5G

Makon jiya wani yaro ya shigo rumfata a Gusau, ɗan ƙanwar wani abokina ne, daga wani ƙauye can bayan Bunguɗu. Ya ajiye sabuwar waya a kan tebur, ko ledar fuskarta bai ɓare ba, ya ce, "Kawu, duba min, ina jin an cuce ni. An ce min 5G ce, amma tun da na koma gida harafin E take nuna min, ko hoto ba ya buɗewa." Harafin E alamar sabis mai rauni ce, irin na 2G. Na karɓa na shiga saitinta. Wayar lafiyarta lau, kuma da gaske tana ɗaukar 5G. Na tambaye shi inda ya samo kuɗin, sai ya sunkuyar da kai. Awaki biyu ya sayar, ya haɗa da abin da ya tara na ƙwadago da damina. Tsohuwar wayarsa kuwa, wadda ba abin da ya same ta, ya saka ta cikin cinikin a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Mai shagon bai yi masa ƙarya ba. Rashin sani ne ya ci awakin nan, kuma na ga irinsa ya fi a ƙirga. Ƙannena, waya ba ta haifar da sabis, karɓa take yi. Abin da ƙarfen sabis ɗin garinku yake watsawa shi za ta kama, ko da ta miliyan ce.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake sauraron rediyo ya san zancen zango. Iyayenmu suna kamo BBC da Muryar Amurka a gajeren zango, daga uwa duniya, da shuu ɗinsa da komai, amma yana isa har rugar da mota ba ta zuwa. FM kuwa tas kake jin ta, sai dai da ka yi nisa da gari ta fara tsinkewa. To wayar hannu ma a kan zango take tafiya. Iskar nan da muke gani fili ce, an yanka ta kamar gonaki, kowane kamfani da kasonsa, kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke rabon, ba kuwa kyauta ba. A Janairun 2001 da aka yi gwanjon lasisin GSM, MTN da Econet, wanda ya yi ta sauya suna har ya zama Airtel, kowannensu dala miliyan 285 ya biya. A Disambar 2021 aka yi gwanjon zangon 5G, wato 3.5GHz, MTN da Mafab suka ci a kan dala miliyan 273.6 kowanne. Airtel ya sayi nasa daga baya, ya fara aiki da shi a 2023.

Ga inda abin ya shafe mu. Ƙananan zanguna irin su 700 da 800 da 900MHz suna tafiya nesa, suna ratsa bango, ƙarfe ɗaya sai ya riƙe ƙauyuka da dama. Shi kuwa 3.5GHz, wato 3,500MHz, kaya mai yawa yake ɗauka, amma ba ya nisa, yana son ƙarafa kusa da kusa, da wayar ƙarƙashin ƙasa, da wutar da ba ta ɗaukewa. Wanda ya zuba irin waɗancan daloli inda jama'a suka yi cunkoso zai fara kafawa, shi ya sa da MTN ya buɗe 5G a 2022 ya fara da Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri. Mu a nan, ƙarfen sabis da yawa da man gas suke kwana, kuma kun san halin hanyar da tankar man za ta bi kafin ta kai. Ni a ganina, abin da ya kamata samarin Zamfara su dage suna nema wurin hukuma da kamfanoni shi ne 4G mai ƙwari a Shinkafi da Zurmi da Anka da Maradun da Ɗansadau, wadda ɗalibi zai cike fom da ita, mai POS ya tura kuɗi ba tare da ya hau katanga ba. Wannan ya fi mana alamar 5G a jikin kwali.

Saboda haka kafin ka sayi waya, ari ta abokinka ka kai ta ɗakin da kake kwana, ka ga abin da za ta nuna a sama. Ka gwada layi fiye da ɗaya, don wani kamfanin ya fi ƙarfi a wannan unguwa, wani a waccan. Ka duba sim ɗinka ma, wani tun zamanin 3G yake, sai an sauya maka shi a ofis, kuma lambarka ba za ta canja ba. Sannan akwai "5G" da ake rubutawa a sunan Wi-Fi, wannan zangon 5GHz ne na cikin gida, ba shi da haɗi da wadda ake tallar.

Sai maganar data, wadda ita ta fi ci min rai. A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, bayan kamfanonin sun nemi ninki. Kowa ya ji a jikinsa. Amma kullum sai an zo min da kukan wai ana sace data, kuma in na buɗe wayar na nuna wa mutum lissafin abin da kowace manhaja ta ci, sai ya yi shiru. Sabis in ya yi sauri, bidiyo da kansa yake hawa mataki mafi kyau, kuma awa ɗaya a irin wannan mataki tana iya lashe kusan 1GB. Ga bidiyon da ke kunna kansa a Facebook da TikTok, ga WhatsApp na sauke duk tarkacen da aka jefo a zaure goma sha da kake ciki, ga manhajoji na sabunta kansu cikin dare. Duk waɗannan a saiti ake kashe su, minti biyar sun isa.

Ku lura da tsarin data na kwana ɗaya ko biyu. In ka auna da yawan data sai ka ga kamar ya fi araha, amma wa'adi ne da shi. Sai yaro ya raba dare yana kallon abin da bai yi niyya ba, don kawai kada ta ƙone, asuba ta wuce shi, ya je wurin aiki ido ja. Ya sayi data, data ta saye masa dare. Daga nan sai bashi. Ka danna *303#, galibi a cire 15 cikin 100 tun kafin ya iso hannunka: ka ranci 1,000, ka ga 850, ka biya 1,000. Hukuncin wannan a addini ku tambayi malamai, ni dai na san ko a kasuwa ba ciniki ba ne. Na san samarin da katin da duk suka saka ramin jiya yake cikewa. Ka ɗauki takarda ka rubuta abin da ka kashe wa waya na wata ɗaya, ka ajiye shi kusa da abin da ka kai wa mahaifiyarka a watan. Ba sai ka nuna wa kowa ba.

Tun 2023 lambobin sun zama bai ɗaya a duk layuka, ku haddace su: *310# duba kuɗi, *323# duba data, *312# sayen data, *305# kashe ƙananan hidimomin da ke tsotsar kati ba ka sani ba. Ka tura STOP zuwa 2442 saƙonnin talla su daina. In kana da ƙorafi kira 300, in ba a share maka hawaye ba kira NCC a 622, kyauta ne.

Mu 'yan Zamfara bai kamata a koya mana darajar layi ba. Ranar 3 ga Satumbar 2021 aka kashe sabis a jihar nan baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ba ta samu ba sai farkon Oktoba, sauran wurare har wajen ƙarshen Nuwamba. Ina tuna tasha a kwanakin nan: mutane sun koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi, wata tsohuwa ta riƙe hannuna in rubuta wa ɗanta da ke Kano cewa an yi masa haihuwa, kwana huɗu ke nan bai sani ba. Masu POS sun rufe, an yi rasuwa an binne dangi ba su ji ba. Ban ji wanda ya yi kukan rashin bidiyo ba a lokacin. Muryar ɗan'uwa ake nema.

Kuma tun da yanzu kowane layi a ɗaure yake da lambar NIN, don Allah kada ka yi wa kowa rajistar sim da sunanka, ko nawa zai ba ka, ko wane ne shi a wurinka. Kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista. In wayarka ta ɓata, je ka a rufe layin a ranar. A jihar da ake kiran waya ana neman kuɗin fansa, sunan da ke jikin layin shi jami'an tsaro za su fara nema, kuma "aboki na ara wa" ba ta fitar da mutum da sauƙi.

Yaron nan dai na raka shi muka mayar da wayar. Mai shagon ya karɓa, amma a farashin wadda aka riga aka yi amfani da ita, ba yadda muka iya. Muka ɗaukar masa mai 4G da batir mai riƙe caji, don a garinsu sai an biya ake caji. Na kashe masa kunna-kai na bidiyo, na sa masa iyakar data ta wata. Abin da ya rage a hannunsa zai sayi 'yar akuya ɗaya, ya ce ranar kasuwa zai je ya duba.