Mun bar wa Turawa Ibnu Rushdi, mun manta hujjar Magili

A birnin Kurɗuba na ƙasar Sifen, inda nake zaune, har mutum-mutumi aka kafa wa masanin falsafa Ibnu Rushdi. Mutanen nan yawancinsu ba Musulmi ba ne, amma suna tinƙaho da wannan alƙalin Malikiyya da ya rasu a 1198, domin sharhinsa kan Aristotal, masanin falsafar Girka, ne malaman coci irin su Toma Akwinas suka karanta, suka yi jayayya da shi. A garinmu Katsina kuwa, ka ce "falsafa" a majalisa, sai wani ya ja tsaki ya nemi tsari.

Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. A nan Sifen maƙwabcinka Kirista ne ko marar addini. In ya tambaye ka dalilin samuwar Allah ka jawo masa aya, bai yarda da littafin ba tukuna, balle ayar. Hankali ne kaɗai filin da za ku tsaya tare. Magabata sun san haka: Farabi, masanin falsafa Musulmi, ya yi karatun manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja da hankali, a wajen malamai Kiristoci, shi kuma ya koyar da Yahya bin Adi, Kirista, a Bagadaza.

Za a ce ai Imam Gazali ya rushe falsafa. A mas'aloli uku ya kafirta masu ita: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san juz'iyyai ba, wato ɗaiɗaikun abubuwa, da musun tashin jiki. Manɗiƙi kuwa riƙe shi ya yi, har ya buɗe littafinsa na usulul fiƙihu da shi.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a garinmu. Shehu Magili, wanda ya zo Kano da Katsina wajen 1492, da Imam Suyuɗi ya haramta manɗiƙi, a waƙe ya mayar masa da martani, yana cewa a karɓi gaskiya ko daga bakin wa ta fito. Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi, daga Katsina ya tashi, ya rasu a Alƙahira a 1741, malaman can suna girmama shi. Garin Gobarau, garin Ɗan Marina da Ɗan Masani, bai kamata ya ji tsoron tambaya ba.

Yaranmu yau suna haɗuwa da masu musun addini a Facebook, ba sai sun ƙetare teku ba, kuma da yawa zagi kawai suka iya mayarwa. Ina roƙon malamanmu na zaure da na Islamiyya su dawo da karatun Sullam na Ahdari, littafin manɗiƙi, kusa da Iziyya da Risala, jami'o'inmu na Katsina kuma su koyar da falsafar Kindi da Ibnu Sina da Hausa.