Wayar hannu a gaban bagade

'Yan'uwana matasa, ranar Lahadin da ta wuce, ana tsakiyar raba Jibin Ubangiji, na ga wani saurayi ya karɓi gurasa da hannun dama, babban yatsansa na hagu kuwa bai daina murza fuskar waya ba, har murmushi yake yi wa abin da yake karantawa. Na kusa da shi ma leƙawa yake yi. Abin ya tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ba ne, kuma babu wanda ya ga abin a matsayin laifi.

Ku buɗe Littafin Firistoci ku ga yadda Isra'ilawa suke matsowa gaban Allah. A sura ta 22 an hana kawo dabba makauniya, ko mai karaya, ko mai ƙazuwa, sai lafiyayya marar lahani. Talakan da ba shi da halin rago an yarje masa ya kawo kurciyoyi biyu, wanda ko su ba zai iya ba ya kawo gari, amma babu wanda aka yarje wa ya kawo abin da ya riga ya raina. Firist kansa ba ya taɓa bagade sai ya wanke hannu da ƙafa a daron tagulla, kuma dalilin da aka bayar a Fitowa sura ta 30 shi ne don kada ya mutu. Babban firist sau ɗaya tak a shekara yake shiga Wuri Mafi Tsarki, a Ranar Kafara, bayan ya yi wanka ya sa fararen tufafin lilin, ya kuma fara miƙa bijimi saboda zunubin kansa.

To, hankalin da aka raba biyu, rabi wajen addu'a rabi wajen WhatsApp, ai gurguwar dabba ce, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Annabi Malakai ya ce wa firistocin zamaninsa su gwada kai wa gwamna irin dabbobin da suke kawowa su ga ko zai karɓa. Wanene a cikinku zai shiga neman aiki, mai ofis yana yi masa magana shi kuma yana duba sakamakon ƙwallo? Amma a gidan Allah ana karatun Nassi ana ɗaukar hoto, ana addu'ar roƙon gafara ana tura saƙo, wasu har fita suke yi su amsa kira su dawo suna taunar cingam. In ka yi magana a ce maka ai Littafi Mai Tsarki ne a cikin wayar, alhali kana ganin hasken Facebook a fuskarsa. Ban ma taɓo masu zaɓo yagaggiyar takardar kuɗin da mai shago ya ƙi karɓa su jefa a baiko ba.

Nadab da Abihu 'ya'yan Haruna ne na cikinsa, sun hau Dutsen Sina'i tare da Musa da dattawa 70, amma ranar da suka miƙa wutar da ba a umarce su ba, wuta ta fito daga gaban Ubangiji ta cinye su, mahaifinsu kuma ya yi shiru. Sabo ne ya kawo raini. Na san za ku ce muna zamanin alheri, gaskiya ne, sai dai wasiƙar Ibraniyawa da ta koya mana cewa hadayar Almasihu ta wadatar, ita ce kuma ta ce Allahnmu wuta ne mai cinyewa.

Ya kamata mu gyara, kowa ya binciki zuciyarsa. Iyayenmu da yawansu ba su iya karatu sosai ba, a kan bencin ƙasa suke zama, amma da an ce a yi addu'a ko tari mutum haɗiye shi yake yi, yaro kuwa in ya yi motsi kallo ɗaya daga wata uwa a Zumuntar Mata ya ishe shi. Yau uwar da za ta yi hararar ita ma tana can sunkuye da tata wayar, dattijon da zai tsawata kuma tsoro yake ji kada a ce ya kori matasa daga coci.