A kira abin da ya faru a Abu Dhabi da sunansa

Labarin nan ya ce Verstappen ya ƙwace kambun tseren motoci na Formula 1 na 2021 daga hannun Hamilton a zagayen ƙarshe na tseren Abu Dhabi, amma ya tsallake yadda aka kai ga wannan zagayen. Sun shiga Yas Marina, filin tseren Abu Dhabi, da maki 369.5 kowannensu, kuma Hamilton ya yi nisa a gaba har lokacin da wani direba, Latifi, ya daki katanga aka fito da motar tsaro, wadda ke sa motoci su rage gudu su jeru a bayanta. Nan ne Michael Masi, daraktan tseren, ya bar motoci biyar kacal daga cikin waɗanda aka riga aka zagaye, waɗanda ke tsakanin Hamilton da Verstappen, suka wuce, sauran bai bari sun wuce ba. Verstappen na kan sabbin tayoyi, Hamilton na jan tsofaffi, to me ya rage? Kai ɗan'uwa da ka rubuta cewa ƙorafi kan wannan kukan marasa nasara ne, ita kanta FIA, hukumar da ke kula da tseren, ta amsa cewa kuskuren ɗan Adam ne, ta kuma sauke Masi. Ban ce Verstappen bai cancanta ba, tsere 10 ya ci a shekarar, Hamilton 8. Amma in babu laifi, don me aka cire mutumin daga kujerarsa?