Aji aji ne, ko da a cikin waya yake

Tun jiya raina yake a ɓace kan maganar baiwar Allahn nan ta Rigasa a Kaduna, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda mutane suka juya suka ɗora mata laifin. Mace tana da tes na rabin awa a intanet, baƙi suka sauka daga ƙauye, aka ce ta tashi ta ɗora tukunya, "ai a waya ne, kya yi anjima". Ta gama tuƙa tuwo ta dawo ta tarar an rufe shafin. Makin ya tafi. Sai ga wasu suna cewa wai ba ta da tsari, wai da ta shirya da haka ba ta faru ba. Wane shiri kuke so ta yi? Ta biya kuɗin makaranta, ta sayi data, ta yi caji, ta karanta littafinta. Abin da ba a shirya ba shi ne gidan da take ciki.

Ni a wurina laifin gidan ne, kuma ba zan sassauta ba. Ba na cewa surukarta muguwa ce, ko kusa. A idon dattijuwar, duk wanda ya riƙe waya ya sunkuyar da kai hira yake yi. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce, "Hajiya, daga ƙarfe huɗu zuwa biyar na ranar Laraba 'yarki tana aji, kamar ta tafi makaranta ne." Wannan bayanin aikin maigida ne. Shi ya amince ta yi karatun, wataƙila ma shi ya biya, amma ya bar ta ita kaɗai da kunyar surukai. A gidajenmu wace amarya ce za ta kalli uwar mijinta ta ce ba za ta tashi ba? Babu.

Kuma kada wani ya ce min wai abin sabo ne shi ya sa. A Kaduna dai karatu daga nesa ba baƙo ba ne. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, tana nan kan hanyar Zariya tun 1976, malaman firamare da yawa a can suka samu shaidar NCE suna koyarwa suna karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu. Jami'ar NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da cibiyar karatu daga nesa. Hukumar JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta tun 2015, sannan korona ta zo a 2020 ta kulle makarantu ta tura kowa Zoom da WhatsApp. Iyayenmu da suka yi na NTI, idan sun baje littattafai a tabarma ba mai aikensu cefane, saboda ana ganin takarda a gabansu. Yanzu da takardar ta koma cikin waya sai muka daina girmama ta. Aji aji ne, jama'a.

Ba mata kaɗai ba ne. Ku shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da rana za ku ga yaron shago da abin sauraro a kunne ɗaya, malami yana bayani, shi kuma yana auna wa wata yadi da ɗaya hannun, ubangidansa yana ƙwala masa kira ya kawo canji. A rajista an rubuta ya halarci lakca. A kansa ba abin da ya zauna. Ƙarshen zango ya faɗi, a ce karatun intanet ba shi da inganci.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai shiga irin wannan kwas, ko na intanet zalla ko wanda ake raba shi rabi a aji rabi a waya, kafin ya biya ko sisi ya karɓi jadawalin darussa ya zauna da mutanen gidansa ko ubangidansa, a yi magana a fili: ga ranakun, ga awannin, a wannan lokacin ba na nan ko da kuna ganina. A manna takardar a bango idan ta kama. Idan ba za a iya ba shi waɗannan awannin ba, gara ya sani tun kuɗinsa suna aljihunsa.

Bayan wannan sai maganar wuta, wadda kowa ya san halin da muke ciki. Ba mu manta Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu, masu shagon caji suka cika maƙil. Ɗalibin da ya dogara da a kawo wuta ya dogara da abin da ba ya hannunsa. Fawa banki a cike kullum, ko ƙaramar sola, yana cikin kayan karatu kamar biro da littafi. Data ma haka. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, to a lissafa kuɗin data na wata huɗu a haɗa da kuɗin makaranta tun farko. A rufe kyamara idan malami bai ce a buɗe ba, a sauke littattafan kwas ɗin cikin waya lokacin da sabis yake da ƙarfi, a ajiye layi biyu na kamfani daban-daban. Kowane gida yana da kusurwar da sabis ya fi kamawa, wani bakin taga ne, wani gindin mangwaron tsakar gida. A nemo ta tun kafin ranar tes, kuma idan an samo ta, yara su san ba wurin wasa ba ne a lokacin.

Akwai wanda ba a cika faɗa ba: a je a koyi taɓa kwamfuta. Yatsa ya saba da waya ba ya nufin ya saba da madannan kwamfuta, kuma jarrabawar ƙarshe sau da yawa a cibiya ake yin ta, agogo yana tafiya. Masu rabi da rabi kuma su tuna ranakun zuwa makaranta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota daga Rigasa zuwa Kawo a wuce Rigachikun ya zama lissafi mai zaman kansa.

Na ga masu cewa baƙo yana da hakki. Yana da shi, ba musu, amma baƙon da ya yi tafiyar awa uku ba zai mutu don ya jira rabin awa da ruwan sanyi da goro a gabansa ba. Na ga masu cewa ta roƙi malami ya sake buɗe mata. Ta roƙa ɗin, amma malamin da yake da ɗalibai ɗaruruwa ba zai bi kowa gida ya tantance uzurinsa ba. Masu cewa me ya kai matar aure karatu kuwa, ba zan ɓata lokacina a kansu ba. Su ne gobe za su kai matansu asibiti suna neman lallai sai mace ce za ta duba su. Ta zaɓi na intanet ne don kada ta bar gidanta da 'ya'yanta, ta yi muku abin da kuke so, ku kuma kun kasa bar mata rabin awa.

Na san wata a unguwarmu da mijinta ke ɗaukar yara ya fita da su bayan La'asar ranar da take da darasi, ya ja ƙofar ɗaki ya ce wa ƙannensa, "Antinku tana makaranta." Ba mai kuɗi ba ne, gyaran babur yake yi. Abin da ya ba ta lokaci ne.

Tun da maganar ta zo, ina da roƙo ga kwamitocin masallatai da Islamiyyu na Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi da sauran unguwanni. Da yawanku Allah ya hore muku sola, kuma azuzuwan Islamiyya a rufe suke daga safe har yara su taso daga boko. Me zai hana a buɗe aji ɗaya da soket huɗu ko biyar, ɓangaren mata daban da wata malama mai lura, ɗaliban unguwa su zo su yi darasinsu su tafi? Ko ɗan abin gyaran batir aka ce su riƙa bayarwa duk wata za su bayar. Ni dai zan kai maganar ga limaminmu ranar Juma'a in Allah ya kai mu, wanda yake cikin kwamiti a unguwarsu shi ma ya gwada.