Kiristanci da addinin Buddha: kamannin a ganye yake, bambancin a saiwa

'Yan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Bangkok ta ƙasar Thailand sayo kaya sukan dawo da labarin malaman addinin Buddha masu aski ƙwal, sanye da mayafi ruwan goro, suna rusunawa gaban mutum-mutumi. Da labarin ya zo majalisa, sai wani ya ce ai duk tafiyar ɗaya ce da ta Kiristocin Sabon Gari, wani mai ilimin boko kuma ya ce duk addinai tausayi suke koyarwa. Duka biyun sun yi gaggawa. A ganina, Kiristan da ke zuwa cocin ECWA ko Katidiral ɗin Our Lady of Fatima ya fi kusa da Musulmin kasuwar Kurmi a tsarin tunani, nesa ba kusa ba, fiye da kusancinsa da mai bin Buddha.

Kamannin akwai shi. Mai bin Buddha yana ɗaukar alkawari biyar: ba kisa, ba sata, ba lalata, ba ƙarya, ba kayan maye. Huɗu na farko suna cikin Dokoki Goma da yaran Kirista ke haddacewa. Amma ko nan akwai rata. Hanin kisa a wajen Buddha ya haɗa da duk mai rai, har kwaro, ga Kirista kuwa ran ɗan Adam ake nufi.

Maganar Allah ita ce mararraba. Kirista ya yarda da Mahalicci mai ji, mai hukunci, mai gafara, kuma ya ɗauki Yesu Almasihu a matsayin Allah da ya zo cikin jiki, aƙidar da taron shugabannin coci a Nikiya na shekarar 325 ya rubuta ya tabbatar. Musulmi ba ya karɓar wannan, to amma ya san a kan me ake gardamar: wane ne Allah, yaya ake bauta masa. Siddhartha Gautama, wato Buddha, ɗan sarkin da aka haifa a Lumbini ta ƙasar Nepal ta yanzu ƙarni biyar ko shida kafin Almasihu, bai ce shi Allah ba ne, bai ce an aiko shi ba, kuma koyarwarsa ba ta da Mahalicci. Ruwayar mabiyansa ta ce ya bar gida yana da shekara 29, ya samu wayewa a Bodh Gaya yana da 35, ya rasu yana da 80. Saboda haka malaman Theravada, ɓangaren da ke Thailand, Sri Lanka da Myanmar, suna cewa furanni da turaren da ake ajiyewa gaban gunkin girmama malami ne, ba roƙo ba. A aikace talaka yakan je da buƙatarsa ta ciniki ko jarrabawa, kuma wannan ma gaskiya ne da bai kamata a ɓoye ba.

Sai tambaya ta biyu: me ke damun ɗan Adam, wa zai gyara? Kiristanci ya ce zunubi ne, wato saɓa wa Mahalicci, kuma mutum ba ya iya biyan wannan bashi da aikinsa. Ceto alheri ne da ake karɓa ta bangaskiya ga mutuwar Yesu a kan gicciye da tashinsa a rana ta uku. Buddha kuwa ya jera gaskiya huɗu a wa'azinsa na farko a Sarnath: rayuwa cike take da wahala, tushen wahalar kwaɗayi ne, ana iya kashe kwaɗayin, kuma akwai hanya mai rassa takwas. Rassa biyu na hikima ne (daidaitacciyar fahimta da niyya), uku na hali (magana, aiki, sana'a), uku na horar da zuciya (himma, lura, nutsuwa). Reshen sana'ar ya kamata ya ja hankalin Bakano, domin ya hana fatauci biyar: makamai, mutane, nama, kayan maye da guba. A wannan ma'auni, mahaucin da Kirista da Musulmi ke kallo a matsayin mai halastacciyar sana'a yana da matsala.

Babu mai yafewa a tsarin Buddha. Karma aiki ne da niyya, sakamakonsa na bin mai shi, ba alƙali, ba mai ceto. Togaciya ɗaya babba ita ce ɗariƙar Tsarkakkiyar Ƙasa a Sin da Japan, inda ake dogara ga kiran sunan wani Buddha mai suna Amitabha. A nan ne kaɗai ƙamshin alherin Kirista ke ɗan tasowa.

Bayan mutuwa tazarar ta ƙara faɗi. Kirista yana da rai guda, mutuwa guda, sai tashi da shari'a, kuma burinsa ya dawwama tare da Allah. Mai bin Buddha yana ganin haihuwa bayan haihuwa ita ce ma cutar, Nirvana kuwa fita ce daga kewayen. Har ila yau ya ce babu wani ruhi tabbatacce a cikin mutum, sai tarin abubuwa biyar masu sauyawa: jiki, ji, ganewa, ƙudurorin zuciya da sani. Ban ga yadda za a haɗa wannan da wa'azin da ake yi ranar Lahadi a Sabon Gari ba, sai an tauye ɗaya.

Masu cewa addinin Buddha zallar lumana ne su tuna 2017, lokacin da 'yan ƙabilar Rohingya, galibinsu Musulmi, sama da 700,000 suka tsere daga Myanmar zuwa Bangladesh, bayan shekarun da wasu malaman addinin irin su Wirathu suka yi suna hura wutar ƙiyayya. Alkawarin farko na addininsu malaman nan suka take, kamar yadda Turawa Kiristoci masu fataucin bayi suka take umarnin ƙaunar maƙwabci.

A ibada ta yau da kullum, baƙo ne ya fi yin tuntuɓe. Da sassafe a Thailand za ka ga masu mayafin nan ba takalmi, kowa rungume da ƙwaryarsa. Idon Bakano zai ce bara ce irin ta almajirai, sai dai su ba sa roƙo, ba sa godiya, mai zuba shinkafar shi ke ganin ya samu lada. Suna ƙarƙashin dokoki 227, ba sa cin abinci bayan rana ta take tsaka, kuma dokarsu ta hana su karɓar kuɗi. Hajiyar da ta je sayayya kada ta miƙa wa ɗayansu abu hannu da hannu, zai shimfiɗa ƙyalle ta ɗora a kai. A wurin ibadarsu ana cire takalmi, ba a miƙe ƙafa ta fuskanci gunki, ba a dafa kan mutum.

Nan gida ma akwai irin wannan. Wanda aka gayyata ɗaurin aure ko jana'iza a cocin Katolika zai ga an yi layi ana karɓar Jibin Ubangiji. Katolika sun yarda gurasar da ruwan inabin sun zama jiki da jinin Almasihu, don haka sai ɗan cocin da aka yi wa baftisma kuma aka shirya shi ne ke karɓa. Ko ɗan ECWA ba ya shiga layin, balle Musulmi. Baƙo ya zauna a kujerarsa har a gama, babu wanda zai ga laifinsa.